Furera Mai Juya Gado

Kafin Furera ta fara jinyar masu rai, matattu ta sani. Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyensu, can bayan Ɗambatta, tun bayan rasuwar mijinta. A nan ta ga abin da iyalai ke ɓoyewa. Za a kawo tsohuwa, 'ya'ya na kuka kamar ransu zai fita, tana yaye zane sai ta tarar da gyambo a kwankwaso, rami har ƙashi. Ba cutar da ta kwantar da su ce ta yi musu haka ba, kwanciya ce a ɓari ɗaya babu mai juyawa. Tun daga nan kukan mutane ya daina burge ta.

Da ƙarfin noma ya ragu, sai ta koma wani ƙaramin asibiti a gari, tana zaman jinya ga waɗanda danginsu ba su da lokaci. A can aka haɗa ta da Inna Sauda, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ma ya tafi.

Babban ɗan Inna, Alhaji Tasi'u, mai sayar da hatsi a Bacirawa, shi ya kafa doka: a bar Inna a kan damanta, kai kudu, fuska gabas, don in ajali ya zo ya same ta tana duban alƙibla. Da ranta sun yi mata kwanciyar kabari. 'Yan dubiya suna zuwa da lemo da ayabar da ba za ta iya haɗiyewa ba, su yi "Allah ya ƙara sauƙi", su karkaɗe riga su fita.

Furera ta ɗaga zane wata safiya, ta ga kwankwason dama ya yi duhu, ya ɗau zafi. Ta san wannan tabon sarai. Ta mirgina tsohuwar zuwa hagu, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyinta. Sai ga Alhaji da turarensa.

"Subhanallahi! Baba Furera, wa ya ce ki juya ta yamma?"

"Fatarta ce ta ce. Zo ka gani, Alhaji."

Ta kama bakin zanen. Ya yi tsalle baya har yana ture kujera.

"Haba! Mahaifiyata ce fa!"

"Au, ka sani ashe? Kunyar dubawa kake, ba ka kunyar ta ruɓe?"

"Ni dai kada ta cika tana kallon bango."

"To naɗe hannun rigar nan ka kama ƙafar gado."

Bai kama ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana maganar farashin gero. Furera ta yi tsaki, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ja gadon ƙarfen ita kaɗai, yana kuka a kan siminti, har kai ya koma arewa. Inna na kan hagunta, fuskarta na gabas.

Haka ta riƙa yi. An jima ta mayar da ita dama, ta sake jan gado. Ta shanya leda, ta sauya zane da zarar ya jiƙe, ta miƙe duk wani ƙudundune a shimfiɗa. Masu jinyar gefe suka sa mata suna Mai Juya Gado, suna dariya. Ta ci gaba da jan gadonta. Ta san me ke ƙarƙashin zannuwan nasu tsofaffin.

Inna Sauda ta ga damina, ta ga kaka, sannan ta rasu da hantsi, tana duban gabas. A wajen zaman makoki Alhaji ya yi ta ba maza labarin yadda ya tsaya a kan jinyar mahaifiyarsa.

Furera na ciki, ita ta yi wankan. Ta juya gawar dama, ta juya hagu, ta shafa kwankwason da tafin hannunta. Fata sumul, ko ƙwarzane babu.