Ranar Da Aka Yi Min Jajen Shagon Da Bai Rufe Ba

Jama'a, yau ina zaune lafiya aka zo yi min jaje!

Ina shagona a kasuwar Maigatari sai ga Alhaji Sani, wani mai sayen riɗi daga Damagaram. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ashe an rufe kasuwanci?"

Na ce, "Wa ya faɗa?"

Ya ce adireshin shafinmu na intanet ya kwafa daga bayan motarmu, ya gwada, ya gwada, shiru. Har ya fara neman riɗi wani wuri!

Na zagaya bayan motar. Babu www a farkon adireshin! Na kira mai fentin da ya yi rubutun. Ya ce, "Wuri ne bai isa ba, sai na cire shi na sa 'Haƙuri maganin zaman duniya'."

Na kira ƙanwata Hadiza da ta haɗa shafin. Ta ce, "Yaya, adireshi mai www kaɗai na saita. Gajeren, marar www, ya fi sauƙin riƙewa, amma ban haɗa shi ba." Nan take ta gyara, duka biyun suka buɗe.

Alhaji Sani ya kalli karin maganar da ke bayan motar ya ce, "Ashe kai mai fentin ya rubuta wa haƙurin nan!"