Zobe a Jikin Ƙwallon Mishmish

Kwanon ya dawo mana cikin azumi, shekarar da aka rufe gari saboda korona. Mun je Kuala Lumpur ni da Hajiya, matata, mu duba ɗanmu da ke karatun digiri na uku a Jalan Semarak, sai jirage suka daina tashi, muka maƙale a gidan hayarsa can saman wani dogon bene. Hajiya ba ta jin Turanci, balle Malay. Abin da ta iya shi ne maƙwabtaka. Tun farkon azumi take dama kunu, ta toya ƙosai, ta ba ni in kai ƙofar wata 'yar Sham da mijinta ke aiki a gidan abinci a Bukit Bintang, tunda ni ke jin Larabci. Kwano kuwa ba ya komawa wayam, a wurinsu kamar a wurinmu. Ran nan ya dawo cike da mishmish, wani ɗan itace ruwan ɗorawa mai ƙwallo ɗaya a ciki kamar ɗinya.

Da aka sha ruwa na ɓare ɗaya. A jikin ƙwallon akwai zane fari-fari a zagaye, kamar an ɗora zobe an ɗauke. Na daɗe ina kallonsa.

Na san zanen, alamar wata cuta ce. Ina saurayi aka tura ni Bulgeriya koyon aikin gona, na zauna a gonar wani tsoho mai itatuwan mishmish da danginsu. Mutanen can suna kiran cutar sharka, wato agana. Ba ta kama mutum, ko ka cinye kwando ba abin da zai same ka. Bishiya take kamawa. Ƙananan kwari irin masu kawo darɓa a dawa su tsotsi ganyen wannan, su tashi su tsotsi na kusa da ita. Amma tafiya mai nisa a hannun mutum take yi, cikin reshen da ake yanka don yi wa wata bishiya aure, yadda muke yi wa mangwaro. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bishiya kan ɗauke ta shekara da shekaru, ganyenta shar. Masu bincike sukan tsinki ganye daga kowane gefe, don cutar ba ko'ina take zama a jikin bishiya ba. Wani lokaci su ɗaura reshen a jikin ƙaramar bishiya mai saurin nuna alama, su jira. Daga baya su dawo da jan fenti. Wadda aka shafa wa, gatari.

Sukan kuma yi tambaya guda: wa ka ba reshe? Tsohon nan mutum ne mai kyauta, rabin itatuwan ƙauyen da reshen gonarsa aka yi musu aure. Da cutar ta ɓulla a gonarsa aka tambaye shi, ya dubi ƙasa ya ce bai ba kowa ba. Kafin in bar ƙasar, jan fenti ya kai gonakin hayin rafi.

Ba a jima da dawowar kwanon ba motar asibiti ta zo ta ɗauki mijin maƙwabciyarmu. Washegari ma'aikatan lafiya suka shigo benen cikin fararen kaya har kai, suna bin ƙofa ƙofa, suna tambayar wanda ya yi mu'amala da gidan. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Wanda gwaji ya kama, shi kaɗai ake tafiya da shi wani babban zaure mai gadaje a jere, ba ɗan jinya, ba mai dubiya. Hajiya ga hawan jini, ga ba baki.

Ɗanmu ya rage murya ya ce, "Baba, kwano ne fa kawai, a ƙofa ake miƙawa. Mu yi shiru mana."

"Ke me kika ce?" na tambayi Hajiya.

"Malam, ni ba zan ce ka yi ƙarya da azumi a bakinka ba," in ji ta. "Ni dai kada a kai ni inda ba wanda zan ce wa ina son ruwa."

Na ji takunsu ya iso ƙofarmu. Na tuna tsohon nan da idonsa a ƙasa. Da na buɗe, na faɗa musu komai, har kunun. Suka zura mana dogon tsinke mai auduga a hanci, mu uku, suka ce mu jira waya.

A kwanakin jiran na koma mai binciken gona a cikin gidana. Hajiya ta yi gyaran murya, in ɗago. Ta kwanta bayan azahar, in taɓa goshinta. In ta yi girki in tambaye ta ko tana jin ƙanshin. Na zauna na koya mata kalmar ruwa da Malay, da ta ciwo, da ta magani. Ta maimaita, ta manta, ta ce harshenta ya tsufa. Na yi yawo ƙasashe da dama, na kwana a tashoshin da ban san kowa ba, ban taɓa jin tsoro irin na ganin tana ƙoƙarin riƙe kalma uku ba.

Wayar ta shigo da hantsi. Ɗanmu ya saurara, ya ce to, ya dube ni. Hajiya lafiya lau, shi ma haka. Ni ne. Ko tari ban yi ba, ko ciwon kai. Ni ke sauka kedai, shagon unguwa, sayen cefane, don mutum ɗaya aka yarda ya fita daga kowane gida. Ni kuma ke kai kwanon.

Hajiya ta haɗa mini kaya daga nesa, ta tura jakar da ƙafa zuwa bakin ƙofa.

"Kai da ke ta shafa goshin mutane," ta ce.

A cikin motar asibiti na ji numfashina ya sauka, karo na farko tun ranar gwajin. Ni dai ina da bakin da zan nemi ruwa. Sai da muka hau babban titi, shagunan yadi duk a rufe, sannan na tuna mijin maƙwabciyarmu, da hannunsa da ya karɓi kwanon kunu daga nawa. Har yau ban san wanda ya miƙa wa wani ba.