Ajimi da Wayoyin Bakin Komadugu

Mutanen kasuwar tattasai ta Diffa sun san Ajimi Alkali da abu biyu: jakar ordinatar, wato kwamfuta, da ba ta rabuwa da kafaɗarsa, da yadda yake tsayawa cak a tsakiyar magana, idanunsa su tafi inda ba wanda ya sani. In ya yi haka, masu ɗinkin buhuna sukan ce, “Ku ƙyale shi, ya tafi kogi.”

A bakin kogin Komadugu aka haife shi, a wani ƙauye gabas da Geskeru. Mahaifinsa, Malam Alkali, manomin tattasai ne, shi ne kuma mai gyaran injin ban ruwa na yankin. Ba ya yar da mataccen inji. Kwance shi yake yi, ya jera kayan cikinsa bisa tabarma, gobe su shiga cikin wani. Ajimi kuwa ya fi son ya miƙe a gindin tsamiya yana bin balbelu da ido har su ɓace a tsallaken Najeriya. Karatu ya kai shi Damagaram, daga can Yamai, inda wani kamfani ya ɗauke shi aikin haɗa manhaja, lojisiyel kamar yadda suke cewa a buro, don ma'aikatu masu rassa a garuruwa da yawa. Can ya koyi cewa ba a gina babbar manhaja a dunƙule. Gunduwa-gunduwa ake yin ta, kowace da aikinta guda, yadda za a iya ciro ta a dasa wani wuri.

A 2015 tashin hankali ya tashi ƙauyensu, iyayensa suka sauka a Assaga cikin bukkar tampol. Ajimi ya daure shekara uku a Yamai. Amma ko yana gaban allon ordinatar, da ya lumshe ido sai ya ga shanyar tattasai jawur, fili bayan fili, har inda sama ta taɓa ƙasa. Ya ajiye aiki ya dawo gida.

Abin da ke ransa shi ne ƙauyukan kwarin su riƙa jin juna. Komadugu daga yamma take tahowa, kuma in ta cika a wajen Maine, sai ta kwana biyu ko uku kafin ta iso Geskeru. Da labari zai riga ruwa, da an tsira da injuna da amfani. Matsalar ita ce rezo, wato layin sadarwar waya: yau akwai, gobe babu. Sai ya haɗa gunduwa uku. Ɗaya tana riƙe sunayen manoma da inda gonakinsu suke. Ɗaya tana karɓar tsawon ruwa daga sandunan da ya kakkafa a gaɓa. Ta ukun tana ajiye saƙo a cikin waya, ta yi haƙuri har rezo ya dawo, ko ta miƙa shi ga wata wayar da ta zo kusa.

Shekarar farko ba wanda ya kula da abin. Hanifa, shugabar ƙungiyar mata manoma a Assaga, wadda ta gudo daga Damasak da ƴaƴa huɗu, ita ta gaya masa gaskiya wata safiya tana tsinke tattasai.

“Ƙanena, kanka kaɗai ka yi wa wannan abu,” ta ce. “Rubutu yake aiko mini. Wa ya ce maka ina karatun boko?”

Idanun Ajimi suka tafi. Ta ci gaba da aikinta har ya dawo.

“Yaya, in da murya ce fa? Muryarki?”

“Tawa? Ni da ko mijina, Allah Ya jiƙan shi, cewa yake na cika tsawa?”

Kwana huɗu suna zaune a inuwar darbejiya, tana faɗin lambobi da sunayen ƙauyuka da Barbarci da Hausa, yana naɗa. Wannan ta zama gunduwa ta huɗu.

Bayan damina biyu kogin ya zo da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. Wata Laraba da hantsi wani manomi can yamma, wajen Maine, ya duba sanda ya danna waya. Saƙon ya makale yini guda, sannan ya bi aljihun wani direban motar kasuwa har Diffa. Ranar Alhamis muryar Hanifa ta riƙa fitowa daga aljifai a duk faɗin gaɓa: ruwa ya kai lamba bakwai a sanda, ku janye injuna. Aka janye, aka kwashe shanya zuwa tudu. Gonar aron da Malam Alkali ya noma kam ruwa ya shafe ta, don tattasan bai nuna ba balle a tsinke shi. Ajimi ya same shi tsaye a kan tudu yana kallon kan shukar na nutsewa.

“Baba, ban tsirar maka da komai ba.”

“Injina yana bayanka,” in ji tsohon. “Da shi zan sake.”

Labari ya kai Ngelbeli. Wani makiyayi mai suna Bilal ya zo har kasuwar tattasai yana cigiyar mai wayar da ke magana. Su ba kogi gare su ba, rijiyoyi ne, kuma suna son su san wadda ta ƙafe kafin su kora garke tafiyar yini biyu. Aikin da ya ci wa Ajimi shekara biyu, wannan karon kwana tara ya ɗauka. Gunduwar sanda kawai ya sauya, sai Bilal ya ba da muryar Fillanci.

Yanzu yana haya a wani ɗaki bayan kasuwa, da faifan sola ɗaya a kan rufi. Wata ƙaramar asibitin karkara ta aiko tana son a riƙa tuna wa mata ranar rigakafi, ya amsa. Ya kuma zana taswirar kwarin a bango da gawayi, tun daga Maine har bakin tafkin Cadi, da ɗigo a kan kowane ƙauye, har da nasu da ba kowa a cikinsa yanzu. Hanifa ta tambaye shi amfanin ɗigon kufai. Ya ce ya riga ya yanke sandar da zai kafa a can, tana ƙarƙashin gadonsa, fenti kawai ya rage.