Kujera Ɗaya a Motar Parakou

Duk wanda ya saba shiga mota daga Djougou zuwa Parakou, da wuya a ce bai san muryar Iliassou ba. Ɗan kamasho ne, shekara ashirin da biyu yana kiran fasinja a tashar Djougou. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da goro a kumatu. Kakan kakansa da ayarin fatake ya zo garin, ya sauke kaya a Zongo bai sake tashi ba, shi ma mahaifinsa goro ya sayar har ya bar duniya. Iliassou dai zaman rumfa bai karɓe shi ba. Ya gwada tuƙi shekara biyu, ya ga bakinsa ya fi hannunsa amfani, sai ya sauko ya kama kamasho.

Ya iya aikin. Yana jin Hausa da Dendi da Yom, yana tsintar Faransanci daidai na ciniki. Ya san wanda ake ja da wasa da wanda ake ja da girmamawa. Direbobi kan ce motar da Iliassou ya tsaya a gabanta ba ta shan rana. Da wannan bakin ya riƙe matarsa Hadjo, ya sa 'yarsu Mounira a makaranta har ta samu aiki a wani shagon buga takardu a Parakou.

Wata Alhamis a daminar shekara biyu da ta wuce, motar wani direba mai suna Audi ta cika saura mutum ɗaya. Hadari ya haɗo, fasinjoji sun fara gunaguni. Sai ga Tsahara, wata mata daga ƙauyen Bariénou mai sayar da man kaɗanya, ɗauke da kwano a kai. Iliassou ya san ta, duk wata takan kai kaya Parakou. Ta ce masa babbar bas za ta jira, ita ƙananan motocin nan gudunsu ba ya mata. Ya yi dariya, ya ce bas sai bayan la'asar, kafin nan ta sayar da kayanta ta dawo. Ta ƙi. Ya sake yi mata wasa, ya sauke kwanon daga kanta, ya ɗaure shi a saman mota da hannunsa. Da ta ga haka sai ta shiga, tana cewa shi dai ba a iya masa.

Bayan ƙauyen Onklou kaɗan taya ta fashe a kan jiƙaƙƙen titi, motar ta bugi wata bishiya. Mutum uku suka rasu, har da Tsahara. Audi ya tsira da karaya a cinya.

Ba wanda ya ɗora wa Iliassou laifi, don ba wanda ya lura da abin da ya faru a tasha. Ya hau babur ya je Bariénou ta'aziyya. Mijin marigayiyar, wani manomi mai suna Maazou, ya riƙe hannunsa ya gode masa da ya yi tattaki. Iliassou ya yi addu'a tare da jama'a ya tashi ya kama hanyar gida.

Bayan kamar sati uku sai ciwon kai ya fara damunsa. Daga ƙeya yake tasowa, ya zagayo ta saman kunnuwa ya haɗe a goshi, kamar an naɗa masa rawani ana ƙara ɗaurewa. Ba ya kwantar da shi, amma ba ya sakinsa. Hadjo ce ta fara lura cewa ko abinci yake jira, haƙoransa a cije suke, kafaɗunsa sun ɗago har suna neman taɓa kunne. Ya sha ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin tasha, safe da yamma. Wanzami ya yi masa ƙaho a wuya. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi. Kowanne yakan yi kwana biyu kamar zai yi, sai abin ya dawo.

Aikinsa ma ya canza. Ya daina jan mutane. Idan fasinja ya ce zai jira, sai ya matsa masa benci. Direbobi suka fara kai motocinsu gaban wasu, suna cewa Iliassou ya tsufa.

Da aka shekara a haka, Mounira ta zo gida ta tafi da shi Parakou. Likita ya auna jininsa, ya duba idanu, ya sa aka ɗauki hoton kai, ya ce ba ƙari ba ne, ba hawan jini ba ne. Naman wuya da na kai ne suka ɗaure saboda damuwa, kuma yawan shan ƙwayoyin nan ƙara masa yake yi. Ya tura su wani ƙaramin asibiti inda ake gwajin wata na'ura ga masu irin wannan ciwo, na tsawon sati shida.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su sunanta Rahinatou, 'yar Zongon Parakou ce, da Hausa ta yi masa magana. Ta zaunar da shi a kujera mai jingina, ta nuna masa wani abu kamar tabarau mai kauri, da maɗauri da ke zagaya kai. Ta ce idan ya sa, zai ga kansa a wani wuri dabam, kada ya ji tsoro, yana nan a kan kujerarsa. Ta tambaye shi ƙarfin ciwon, idan goma ne mafi tsanani. Ya ɗaga yatsu takwas.

Da ta sa masa, sai ɗakin ya ɓace. Ya ga kansa a bakin wani kogi mai faɗi, ruwa na tafiya a hankali, ciyawa na kaɗawa. Ya juya hagu, kogi ne. Ya ɗaga kai, sama ce. Nan take ya damƙe hannun kujera ya ce a cire masa. Rahinatou ta cire, ta ba shi ruwa, ta bar shi ya huta, sannan suka sake gwadawa. A karo na biyu ya lura da wani haske mai kama da wata a saman ruwan, yana kumbura yana sacewa. Wata murya tana magana da Faransanci, Rahinatou tana fassara masa daga gefe: idan hasken ya girma ya ja numfashi, idan ya ragu ya saki.

Minti ashirin ya yi a ciki. Da aka cire, Mounira ta ga kafaɗun mahaifinta sun sauka, bakinsa a ɗan buɗe kamar wanda ya tashi daga barci. Rahinatou ta tambaye shi, ya ɗaga yatsu uku. Ranar ya ci doya da miya a gidan Mounira har ya nemi ƙari.

Sai dai dole ya koma Djougou, kuma hanya ɗaya ce. Kowace Talata yakan shiga mota da safe a matsayin fasinja, a matse shi tsakanin mutane, ya wuce bishiyar nan ta bayan Onklou da tabonta a jiki. Ya sa na'urar, kan ya sake shi. Da yamma ya sake wuce bishiyar, kafin a ga hasumiyar masallatan Djougou wuyan ya fara ɗaurewa. Wani satin sauƙin yakan kai Alhamis, wani satin ko gida ba ya kaiwa.

A Talata ta huɗu, da lokaci ya cika Rahinatou ta kai hannu za ta cire, sai ya riƙe maɗaurin.

"'Yata, ba a iya barin mutum a ciki?"

"Baba, ba a iyawa," ta ce. "Me ke jiranka a waje?"

Da na'urar a fuskarsa, yana kallon ruwan da babu shi, ya ba ta labarin Tsahara tun daga kwanon har zuwa ta'aziyyar. Ita ce mutum ta farko da ya faɗa wa. Rahinatou ba ta ce masa ba laifinsa ba ne, don ta ga ba zai ji ba. Ta ce na'urar tana koya wa jiki ya saki ne kawai, abin da ke cikin zuciya kuwa ba ta kai can. Ta ba shi sunan wani likita da ake zama da shi a yi magana, ta kuma roƙe shi ya faɗa wa matarsa. Ya faɗa wa Hadjo. Wurin likitan bai je ba.

Sati shida suka cika, aka tattara na'urorin aka mayar Cotonou. Rahinatou ta rubuta masa yadda zai riƙa numfashin a gida, ta ce in an sake kawo su za ta kira Mounira.

Bayan kwana goma Iliassou ya hau babur zuwa Bariénou. Ya tarar da Maazou a ƙarƙashin rumfa yana gyara ƙotar fartanya. Suka gaisa, Iliassou ya durƙusa ya faɗa masa komai, bai rage ba. Maazou ya ajiye fartanyar. Ya ce kwana ne ya ƙare, kowa da sanadinsa.

"Amma ta ce maka ba ta so?"

"Ta faɗa, malam. Sau biyu."

"Haka take. Tun tana yarinya take tsoron gudu."

Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da aiki. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Iliassou ya jira, ya ga ba sauran magana, ya yi sallama. Maazou ya amsa daga zaune, bai raka shi ba.

A ƙarshen wannan watan ya bar tasha. Yanzu yana aiki a wani sito na kaju, wato yazawa, a hanyar Natitingou, yana ɗinke bakin buhuna da babbar allura. Aiki ne na sunkuyo, kuma ya san ba ya yi wa wuyansa daɗi, amma ba a magana da kowa. Ƙwayoyin ya rage, sai in abin ya yi tsanani. Bayan azahar yakan jingina da buhuna ya rufe ido ya yi numfashin da aka koya masa. Ya ce yana ɗan taimakawa, amma da ido a rufe duhu kawai yake gani, kuma a duhu tunani ya fi yawa.

Kwanan baya Mounira ta zo da labarin cewa akwai irin na'urar mai sauƙi, wadda ake saka wayar hannu a ciki, ta ce za ta nema masa. Hadjo ta yi murna, ta ce Allah ya yi mata albarka. Iliassou yana alwala a bakin ƙofa. Ya ce ta nema in ta samu, sannan ya tambaye ta da wace mota za ta koma, kuma wane ne direban.