Abin da Na Cire wa Jar Motar Japan

Shekara uku na yi a garejin nan na Port Richmond, a nan Amurka, ina canza taya da juye baƙin mai, ni da na shekara goma sha ɗaya ina sauke inji a Kano. Kullum in taso daga unguwarmu Highbridge, in shiga jirgin ƙasa, in shiga jirgin ruwa, in hau bas, duk don in zo in kwance notin taya. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Mai garejin wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, Baba muke ce masa. Da zarar ya ga na raɓi motar da aka buɗe wa bonet sai ya ce, "Bakano, taya na jiran ka." In koma ina ƙunƙuni, shi kuwa ko a jikinsa.

Ana cikin tsananin sanyi, wajen ƙarshen Fabrairu, aka kawo wata jar mota a bayan babbar motar ja. 'Yar ƙarama ce, kujera biyu, ƙirar Japan ta shekarun sittin, da lambar tsere a ƙofarta duk ta koɗe. Mai ita wata tsohuwa ce Ba'amurkiya, ta yi ritaya daga tuƙin bas ɗin makaranta. Mijinta ne ya yi tsere da motar a zamaninsa, ya rasu ya bar ta a rufe. Yanzu ita take so ta shiga tseren tsofaffin motoci da ake yi idan sanyi ya wuce. Ta zo da tsohuwar takardar kamfani, ta ɗora yatsa a kan inda aka rubuta ƙarfin injin, doki saba'in, ta ce abin da take so ke nan, ba ta neman ƙari.

Da Baba ya ɗaga bonet dariya ta kuɓuce mini. Injin bai kai lita ɗaya ba, zan iya rungumarsa in kai shi bakin ƙofa. Na ce, "Baba, wannan ai janareton mai shayi ne. Doki saba'in a ina za su tsaya?"

Ya ce, "Ƙirga kafireto."

Na ƙirga, huɗu ne, kowace silinda da nata. Ya ce mutanen da suka ƙera shi ba su da halin yin babba, sai suka sa ƙarami ya riƙa juyawa da saurin da babban ba zai iya ba. Ƙarfin nasa sai allurar juyi ta haura dubu takwas yake fitowa, inda motar gida ta daɗe da kwanciya. Na daina dariya, na sunkuya ina kallon aikin. Komai siriri, komai a wurinsa, babu ƙarfen da aka sa don ado. Nan take na ji ina son injin nan.

A lokacin hannun Baba ya soma rawa, duk mun lura amma ba mai faɗa. Da tsohuwar ta tafi ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce, "Kai za ka sauke shi, kai za ka haɗa. Kafireto kaɗai zan saita da kunnena. In ta ba da saba'in, daga ranar aikin inji naka ne. In ba ta bayar ba, zan ɗauko wani daga waje, kai kuma ka san inda taya take."

Mako uku na yi a kansa. Na wanke kowane ƙarfe da burushin haƙori, na jera su a kan farin ƙyalle. Da na zo wajen bututun ruwa sai na tarar da tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya ɗauki zafi. A Kano duk motar da ta sauka daga Turai, abin da muke fara cirewa ke nan, mu kuma haɗa fanka kai tsaye. Maigidana na can yana da gwangwani guda cike da su. Cewa yake kayan ƙasar sanyi ne, a rana irin tamu dafa inji kawai suke yi. To ni hannuna ya riga tunanina. Na zare shi, na jefa a aljihun rigar aiki, na haɗa fankar kai tsaye, har ina jin daɗi na yi wa injin gata, tunda zai sha gudu. Ban gaya wa Baba ba, don a wurina ba labari ba ne, kamar a ce na goge hannu. Ko sau ɗaya ban tuna cewa a ƙasar sanyin nake tsaye ba, da safa biyu a ƙafata.

Ranar gwaji da safe muka kai ta wani wurin da ke da na'urar auna ƙarfi, inda ake ɗaure mota a kan ƙarafa masu juyawa a taka totur, lamba ta fito a allo. An buɗe ƙofofi saboda hayaƙi, iska tana yankan kunne. Tsohuwar tana tsaye cikin ƙatuwar rigar sanyi. Baba ya saita kafireto huɗun da 'yar sukundireba, kansa a karkace, idonsa a rufe. Aka taka. Kukan injin ya yi sama siriri, amma can ƙarshe yana ɗan sarƙewa. Allo ya nuna hamsin da takwas. Aka sake, sittin ba ɗaya. Muka zare fulogi, baƙi ƙirin.

Baba ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ajiye sukundirebar a ƙasa. Ya ce da ni a hankali, "Aikinka yana da kyau, na duba. Ni ne. Hannu ya tafi, ashe kunne ma ya bi shi. Zan ce wa matar nan ta kai motar wani wuri."

A daidai lokacin na leƙa cikin motar, idona ya faɗa kan allurar zafi. Tana kwance a ƙasa, bayan duk wannan gudun. Injin bai taɓa ɗumama ba, man fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata, baƙin mai kuma yana nan da kaurinsa. Na taɓa aljihu, abin yana ciki.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya zo mini, ko da ba ta yi mini kyau ba. Na yi tunanin in yi shiru. In mun koma gareji in mayar da shi ba wanda ya gani, gobe a sake gwadawa, a ce Bakano ya gyara abin da ya gagari tsoho. In kuwa na buɗe baki, na nuna da kaina cewa shekara ukun da ya yi yana kora ta wajen taya bai zalunce ni ba. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, da hularsa ta ulu, da hannun nan yana rawa a kan gwiwa. Na ji kunyar kaina ta kama ni.

Na je na tsugunna, na ɗora abin a tafin hannunsa. Na ce, "Baba, kunnenka lafiya lau. Ni na cire wannan."

Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Zafin ina kake gudu? Dubi bakinka, tururi yake fitarwa."

"Haka muke yi a gida."

"Mu ma haka muke yi a Kumasi. Tashi ka gaya mata da bakinka."

Na je na yi mata bayani da guntun Turancina, har da zafin ranar Kano da gwangwanin maigidana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, wato don kada motar ta wahala na cire. Na ce e. Ta ce to in mayar, tana jira, ba inda za ta.

Na mayar, na raba fankar da haɗin kai tsaye, muka sa sababbin fulogi. Muka bar injin yana aiki har allurar ta tashi ta tsaya a tsakiya. Baba ya ɗauki sukundirebarsa, ya ɗan taɓa nan, ya taɓa can. Wannan karon kukan ya hau bai tsaya ba, har na ji shi a haƙorana. Tsohuwar ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba, ta ce shekara talatin rabon da ta ji wannan muryar. Allo ya nuna sittin da tara. Aka taka sau uku, bai ƙara ko ɗaya ba. Ita ta ce ya ishe ta. Ban tambayi Baba matsayina ba, don saba'in muka yi da shi, kuma na san abin da na aikata.

Ranar Litinin na iso da wuri na nufi wajen tayoyi, ba ƙunƙuni. Wajen ƙarfe goma wani direban tasi, mutumin Maraɗi, ya shigo da motarsa tana ƙwanƙwasa. Ya wuce ni ya je wurin Baba, ya gaishe shi, ya fara bayani. Baba yana zaune da kofin shayi, bai ko motsa ba.

Ya ce, "Malam, ni mai gareji ne kawai. Ga bakaniken can, je ka gaya masa."

Mutumin ya waiwayo yana neman wanda ake nufi. Ni ma sai da na waiwaya bayana.