Japheth da Gidansa na Kudu

Na san Japheth tun yana saurayi, lokacin da ya zo Zariya daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya kama aikin direba a jami'a. Ɗaki biyu ya kama haya a Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari. Famfo ɗaya muke tara ruwa, mu da iyalin Nwankwo da na Lanre, kowa kuma yana cewa zama ne na ɗan lokaci.

Da ƙungiyar ma'aikata ta yanka filaye bayan Samaru, a riƙa cira kaɗan kaɗan daga albashi, na karɓa, na kuma roƙe shi ya karɓa.

Ya ce, "Ticha, nan bariki ce. Wa ya taɓa kafa tushe a bariki?"

A ƙauyensu ya yi gini, ɗaki huɗu da rufin kwano. Duk Kirsimeti sai ya je ya share, ya kulle, ya dawo.

Amma 'ya'yansa a Zariya aka yanke musu cibiya. Yaren ubansu ma gaisuwa kawai suka iya. Suka girma, suka yi aure, kowa yana son ƙofar kansa. Haka 'ya'yan Nwankwo, haka nawa. Gonakin dawa da muka sani bayan Samaru suka zama layuka. Jemimah, babbar 'yarsa, malamar asibiti ce. Ta sami rancen gina gida na ma'aikata, ta gina a unguwar Jama'a, nan bayan Samaru, ta ware masa ɗaki.

Ya ƙi. Bayan rasuwar matarsa Winifred, wadda aka binne a nan, ya ɗaure kayansa ya tafi kudu, ƙauyensu.

Bai kai damina ba ya dawo. A can ya tarar sa'o'insa duk sun rasu, yaran ƙauyen kuma suna kiransa Baban Zariya.

Jemimah ta ce, "Baba, to yanzu ina ne barikin?"

"Ke, rufe mini baki. Ina makullin ɗakin?"

Na ziyarce shi makon jiya. Ya ba wani malamin firamare gidan ƙauyen ya zauna kyauta, don kada gara ta cinye. Yakan buga wa malamin waya, ya tambaye shi ko rufin yana yoyo, ko ɗorawar bakin ƙofa ta yi fure. Ina zaune ya buga, layi bai shiga ba. Ya ajiye wayar a cinyarsa, muka ci gaba da jira ko layin zai shiga.