Audugar da ke gwiwar hannunsa

Shekara biyu ina zargin maigidana, kuma ban ji kunya ba a lokacin. Direba ne, yana jigilar fasinja daga Jibiya zuwa Maraɗi. Duk 'yan watanni sai ya dawo da 'yar auduga manne a cikin gwiwar hannu, ƙarƙashinta tabon allura. In na tambaya ya ce sauro ne. Sauro da filasta! Ni za a raina wa hankali?

A garinmu na bakin iyaka kowa ya san abin da ake cusawa cikin ƙofar mota da ƙarƙashin kujera. Don haka ranar da na tsinci fararen ƙwayoyi ƙulle a leda cikin hularsa, da kwalinsu mai rubutun Faransanci, sai na ce shi ke nan, mutumin nan ya fara shaye-shaye. Ban yi shawara da kowa ba, na juye su a masai, har ina jin na yi jihadi. Ya yi ta birkice ɗaki yana nema, ni kuwa ina tankaɗe ina kallonsa ta wutsiyar ido. Bai tambaye ni ba.

Kwana huɗu bayan haka na kai masa abinci bakin shingen kwastan, inda motoci ke layi. Yana miƙo hannu ya karɓi kwano sai ya ƙame, ya zube. Jikinsa na fizga, leɓɓansa suka yi baƙi ƙirin, faratansa suka rine kamar ya taɓa shuni. Mutane suka watse, wani ɗan dako yana ihu: "Farfaɗiya ce, kada yawun ya taɓa ku!" Na durƙusa na ɗora hannu a ƙirjinsa, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito. Da mayafina na share kumfar bakinsa.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce numfashi ne ke tsayawa, jini ya rasa iska, shi ya sa leɓe ke yin baƙi. Yawun ba ya sa wa kowa ciwo. Allurar kuwa ɗibar jini ce, ana duba ko maganin farfaɗiyar da yake sha bai taɓa masa hanta ba. A Maraɗi yake yi don kada 'yan tasha su sani su hana shi lodi. Yanzu duk sun gani.

"Hala ya bar shan maganinsa?" in ji ta.

Kafin in buɗe baki, daga kan gadon ya ce, "Ni na yar da shi, Malama." Bai dube ni ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.